Balis ta mutu, Mercedes ta ƙi magana: wa ya taɓa aiki da manhajar kwaikwayo?

Ƙaramin Makaniki, Garwa
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Wani dattijo, abokin maigidana, ya kawo mana Mercedes C220 ƙirar 1995, irin W202 ɗin nan. Da safe lafiya lau take tashi. Da zarar injin ya ɗau zafi sai ta fara cijewa tana rawa, wani lokaci ta mutu gaba ɗaya. Ranar Litinin a kan gadar Binuwai ta mutu masa, sai da masu mashin suka taya shi turi. Mun canza buji, mun canza bobin ɗaya cikin biyun, mun sauke tanki mun wanke don muna zargin zuwa-zuwa mai datti, wato fetur ɗin bakin hanya, aka zuba mata. Duk a banza.

Balis ɗin maigida tun bara allonta ya yi baƙi. Ni ɗan ELM327 gare ni, ƙaramin abin gwada mota da ake haɗawa da wayar salula. Na laluba ƙarƙashin sitiyari ban ga soket mai rami 16 ba, sai wani zagayayye mai rami 38 a wajen injin. Na sayi ɗan kebul mai haɗa 38 da 16, na jona, wayar ta ce ba ta ga mota ba. Wani ya ce mini wai akwai manhaja da ake sa wa laftop ta yi kwaikwayon tsohuwar na'urar da Mercedes ke gwada motocin da ita a da. Gaskiya ne? In gaskiya ne me zan nema? Dattijon kullum sai ya leƙo bayan la'asar, ya gaishe mu, ya dubi motar, bai ce komai ba ya tafi. Shirun nan nasa ya fi faɗa ciwo.

Baba Mai Fijo, Marwa
Wa alaikumus salam ɗana. Motar nan ta girme ka, ka kawo mata wayar salula ka ce ta yi hira da ita? Kafin ka nemi laftop, ka taɓa wayoyin injin da hannunka kuwa?

Ƙaramin Makaniki, Garwa
Baba na duba da ido, naɗin bai yage ko'ina ba.

Baba Mai Fijo, Marwa
Da ido. To.

Mai Kwamfuta, Ngawundare
Ƙanena, gaskiya aka faɗa maka, amma bari mu fara da dalilin da ya sa wayarka ta yi shiru, don kar gobe ka sake jefa kuɗi a rijiya. Soket mai rami 16 da yaren bai-ɗaya da ELM327 ke ji, wato OBD2, doka ce ta kawo su. Amurka ta wajabta shi daga 1996. Turai ta biyo baya, motocin fetur daga 2001, na gazuwal daga 2004. Yawancin motocin da ke shigo mana ta Duwala da Kwatano daga Turai suke, saboda haka duk wadda ta riga waɗannan shekaru yaren gidansu kawai take ji. Wata ma za ka ga tana da soket mai rami 16 ɗin, amma ka jona ta yi maka kunnen ƙashi, don siffar soket daban, yare daban.

A wancan zamanin kowane kamfani da na'urarsa. Mercedes na da HHT, ta riƙewa a hannu. Volkswagen na da VAG 1551 da 1552. Renault na da XR25 mai kaset. General Motors na da Tech 2, ita ce kuma ta Opel da Saab da Isuzu, kati kawai ake canza mata. Chrysler da Jeep na da DRB III, Nissan na da Consult, Mitsubishi na da MUT-II. An daina ƙera su, waɗanda suka rage kuma suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya kamar ta maigidanka.

Wadda kake nema sunanta HHT-WIN. Tana cikin DAS, tsohuwar manhajar Star Diagnosis, kayan gwajin Mercedes. In ka zaɓi tsohuwar mota irin taka, DAS da kanta take miƙa ka gare ta, sai ka ga allon HHT ya fito a laftop da jerin zaɓinsa kamar yadda yake a na'urar asali.

Ɗan Kusuri, mai gyaran waya
Yaya Mai Kwamfuta ka gaya masa ɗaya rabin ma, kar ya je ya sauke manhaja ya ɗauka an gama. Ƙanena, soket mai rami 38 ɗin nan kowace ƙwaƙwalwa da raminta. Rami na 1 mas ne, wato layin jikin mota, na 3 wutar batir, na 4 na injin, na 6 na ABS, haka dai. Shi ya sa Star ke zuwa da akwati a tsakani, C3 ko C4, wanda aikinsa juya layi zuwa ramin da ake son magana da shi. Ɗan kebul ɗin da ka saya ba komai a cikinsa sai waya. Wasu rami na 4 kaɗai suke ɗauka, wasu kuma su tara layuka da yawa su ɗaure wuri ɗaya, wanda ya fi muni. In ba akwatin nan, HHT-WIN hoto ce kawai a allo.

Kawu na Injamena
Ku dai kuna shan wahala wallahi. Ni gareji na cike da Land Cruiser masu injin 1HZ, lita 4.2, silinda 6, famfon gazuwal na ƙarfe zalla. Tun 1990 ake yin injin nan, ba ƙwaƙwalwar da za ta yi maka ƙarya. Ta tafi Faya ta dawo, balis ɗinta kunnena ne da sifana 17.

Ɗan Kusuri, mai gyaran waya
Kawu, to Hilux D-4D ɗin da ka turo mini ta gadar Ngeli watan jiya fa? Ita ma da kunne aka shigar mata da lambobin injekta?

Kawu na Injamena
Kai yaron nan ba ka da sirri.

Baƙo daga Mubi
Salamu alaikum mutanen ƙetare. Ina bin hirar, amma ku yi mini bayani, mene ne balis? Akwati na sani na kaya.

Shugaban Zaure
Maraba da maƙwabci. Abin da kuke ce wa sikana, mu nan balis muke cewa, daga Faransanci, don na'urorin farko a akwati suke zuwa. Burenbos ɗinku kuma mu kalkilata ko ƙwaƙwalwa. Fulogi buji, koyil bobin. Sauran za ka tsinta a hanya.

Mai Kwamfuta, Ngawundare
Akwai abin da nake so mu rarrabe, don a kasuwa komai "emilata" ake ce masa, alhali abu uku ne.

Na farko shi ne kwaikwayo na gaskiya. Misalinsa mafi kyau Tech2Win. Tech 2 ta asali manhajarta na cikin kati mai megabait 32 da ake zura mata. Tech2Win sai ta sa laftop ta yi kamar ita ce jikin na'urar, ta ɗauki abin da ke cikin katin ta tafiyar da shi yadda yake. Har maɓallan za ka gani a zane a allo, kana danna su da linzami. Wanda ya saba da ta asali ba sai an koya masa komai ba. Chrysler ma sun yi wa DRB III haka a cikin wiTECH.

Na biyu kwamfuta ce cikin kwamfuta. Manhajar dama ta kwamfuta ce, amma ta tsufa, ba ta zama sai a gidan da ta saba. PP2000 ta Peugeot da Lexia ta Citroën a Windows XP suka girma, XP kuwa tun Afrilun 2014 Microsoft ta daina kula da shi. Sai a buɗe VMware ko VirtualBox a sabuwar laftop, a gina wa XP ɗaki a ciki, a sa manhajar. DIS ta BMW ma haka ake mata, ita kam ba Windows ba ce ma, a kan SCO Unix take.

Na uku kuma wani ne ya zauna ya nazarci yaren motar ya rubuta tasa manhajar daga tushe. Haka Ross-Tech suka yi a shekarar 2000 da VAG-COM, wadda yanzu ake ce wa VCDS, tana aikin da VAG 1551 ke yi. Wannan ba kwaikwayon na'ura ba ne, koyon yare ne.

Amfanin rarrabewar shi ne, in abu ya ƙi aiki ka san inda za ka nemi laifin.

Baba Mai Fijo, Marwa
Duk na ji. Amma kama da wane ba ta wane. Na ga yara a nan Marwa da laftop, su jona wa 406, su yi rabin sa'a ana "jira", a ƙarshe su ce kalkilata ta ƙone. A sayo wata daga Duwala, a ɗaura, cuta na nan. Mu da muka tashi da 504 da 505 ba mu san wannan ba. Ko da 405 mai injekshan ta zo, ɗan soket kore ne mai waya biyu, ka sa ƙwan fitila da maɓalli, ta ƙyafta maka 12 alamar ta fara, ta faɗi abin da ke damunta, ta rufe da 11. Ba XP ba VP.

Mai Kwamfuta, Ngawundare
Baba, abin da ka gani gaskiya ne, amma yawanci ba laifin manhajar ba ne, kuma kalkilatar lafiyarta ƙalau. Bari in faɗi abin da ke faruwa a rabin sa'ar nan. Tsofaffin motoci da yawa ta waya ɗaya suke magana, layin K, rami na 7 a soket mai 16. Kafin a fara hira sai an yi sallama, kuma sallamar a hankali ake yin ta, bit 5 kacal a sakan, har ta ci kusan sakan 2. Motar ta amsa, sannan ta jira a mayar mata da amsa tsakanin milisakan 25 zuwa 50. In ka yi latti ta rufe ƙofa, sai ka sake sallama daga farko. Bayan nan ne ake hawa gudun da aka saba, bit 10,400 a sakan.

Na'urar asali don wannan kaɗai aka ƙera ta, ba ta latti. Tsofaffin laftop masu ƙofar RS232 mai ƙafa 9 su ma ba sa latti sosai. Amma in saƙon sai ya bi ta USB, ya shiga Windows ta waje, ya ratsa VMware, ya isa XP na ciki, sannan ya dawo ta hanyar da ya bi, ai motar ta gaji da jira. Kebul mai cif ɗin FTDI yana zuwa da jinkirin milisakan 16 daga kamfani. Ka shiga saitin ƙofar ka mayar da shi 1 ko 2, Golf 3 da yawa da aka ce ƙwaƙwalwarsu ta mutu nan take suke buɗe baki. Masu cif CH340 kuwa sa'a ce, wata motar ta yarda wata ta ƙi.

Shi ya sa C3 ta fi son tsohuwar laftop irin Dell D630 mai ƙofar RS232 ta gaske da XP a jikinta kai tsaye. Da tsohuwar zuma ake magani, Baba, a nan mun haɗu.

Baba Mai Fijo, Marwa
Ato. Ashe ku ma tsohon kuke komawa nema.

Hajiya Mai Taksi, Ngawundare
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba makanikiya ba ce, mai biyan kuɗin ce. Ina da Carina E biyu suna taksi. Ɗayar tun watan azumi take shan mai kamar raƙumi, hayaƙi baƙi, fitilar injin a kunne. Direbana ya kai ta wani gareji aka ce za a sa mata balis, aka karɓi kuɗin gwaji, aka dawo da ita aka ce balis ba ta ga komai ba. To in ba ta ga komai ba kuɗin na mene ne? Wannan manhajar taku za ta gani?

Baba Mai Fijo, Marwa
Hajiya barka da rana. Taki ba ta buƙatar laftop ko kaɗan, kuma wanda ya karɓi kuɗinki ya ci bashi. Ki sa direban ya buɗe bonet, zai ga ɗan akwati an rubuta DIAGNOSIS a murfinsa. A cikin murfin akwai zanen ramukan. Ya ɗauki guntuwar waya ya haɗa TE1 da E1, ya murɗa makulli fitilun tablo, wato dashbod, su kama, kar ya tayar da injin. Fitilar injin za ta fara ƙyaftawa. Ya ƙirga na farko, za ta ɗan tsaya kamar sakan ɗaya da rabi, ya ƙirga na biyu. Biyu da biyu, 22 ke nan, sansar zafin ruwa. 21 sansar hayaƙi ce, 31 ta iska, 41 ta maƙogwaron totur, 12 kuma siginar juyin injin. In tana ƙyaftawa a jere ba tsayawa, ba ta riƙe da komai. Yadda kika kwatanta, ina zargin 22. In sansar ta lalace, motar na ɗauka kullum sanyi ake, sai ta yi ta ƙara mai, ko da ana zafin Afrilu.

Ɗan Kusuri, mai gyaran waya
Hajiya a ja masa kunne ya karanta murfin da kyau. Akwai rami mai suna +B a akwatin nan, wuta ce. In ya haɗa shi da E1 fiyus zai tashi, in ba a yi sa'a ba abin ya wuce fiyus. In an gama gyara a zare fiyus ɗin EFI na ɗan lokaci, lambar za ta goge.

Hajiya Mai Taksi, Ngawundare
Useko Baba, na gode ɗana. Da kaina zan tsaya a kansa.

Malam na Gidar
Ina da tambaya, ba don in ɓata wa kowa ciniki ba. Waɗannan manhajoji da akwatunan da ake sayarwa da araha, da izinin masu su ake yi? Na ji ana cewa fasa su ake yi. In haƙƙin wani ne, ya kamata a faɗa wa yaron nan tun yanzu, ya shiga da saninsa.

Mai Kwamfuta, Ngawundare
Allah ya gafarta Malam, tambayar a wurinta take, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Mafi yawan C3 da Lexia da Mini VCI da ke yawo a garejojinmu kwafi ne daga Sin, manhajar da ke biyo su kuma fasasshiya ce. Ko ELM327 ɗin da ke aljihun kowa, kamfanin asali na Kanada ne, bai taɓa fitar da sigar 1.5 da ake rubutawa a jikinsu ba, kuma ya rufe a 2022. Akwai hanyar halal ga wasu. Tech2Win da Techstream ta Toyota ana biyan kuɗin izini na kwanaki a yi aiki da su da kebul mai bin ƙa'idar J2534. VCDS ana sayen ta da kebul ɗinta, akwai kuma ƙaramar siga, VCDS-Lite, da suka bari a gwada da kebul na gama-gari. Turai ma ta yi doka a 2007 da ta tilasta wa kamfanoni buɗe bayanan gyara ga garejoji masu zaman kansu, sai dai motocin Euro 5 zuwa sama ta shafa. Tsofaffin da ke hannunmu ba su shiga ba.

Ɗan Kusuri, mai gyaran waya
To a nan gizo ke saƙar, Malam. Motar 1995 ce, mai ita ya saye ta da guminsa. Kamfanin ya daina sayar da na'urar gwada ta. Ko da kuɗi a hannu ba inda za ka je a Garwa ko Injamena ka ce a ba ka HHT sabuwa. A jefar da motar ke nan?

Malam na Gidar
Ban ce a jefar ba ɗana. Abin da mai shi ya daina sayarwa hukuncinsa na iya bambanta da wanda yake sayarwa yau, wannan sai a tambayi waɗanda suka fi ni. Amma inda akwai ƙofar biya, kuma kana cin abinci da kayan kullum, ka biya. Abin da ba ni da shakka a kansa shi ne na Hajiya: karɓar kuɗin gwaji alhali ka san na'urarka ba ta jin yaren motar, wannan zamba ce.

Kawu na Injamena
Wannan kam ba gardama.

Baƙo daga Mubi
Ni dai abin da zan ƙara, duk laftop ɗin da aka sa wa irin waɗannan a raba ta da intanet kwata-kwata. Na taɓa sauke wata daga wani shafi, ashe da ƙwayar cuta a ciki, ta kulle mini hotunan ayyukana na shekara biyu. Kuma ba a ajiye lambar banki ko ta kuɗin waya a cikinta.

Mai Kwamfuta, Ngawundare
Haka ne. A nan ma kwamfuta cikin kwamfuta ta yi rana, don kana iya ɗaukar hoton XP ɗin ranar da komai ke aiki, in ya rikice ka koma wa hoton cikin minti biyu. Wani dalilin raba ta da intanet: a 2014 FTDI sun fitar da direba, wato manhajar da ke tafiyar da kebul a kwamfuta, wanda ya riƙa kashe cif ɗin jabu, mutane suka wayi gari kebul ɗinsu ba ya motsi.

Ɗan Kusuri, mai gyaran waya
Tun da ana tonon asiri bari in tona nawa, ko yaro zai amfana. Karanta lamba da kallon ƙididdiga ba sa kashe mota. Rubuta wa ƙwaƙwalwa shi ne mai haɗari. Shekaru uku da suka wuce an kawo mini 307, na canza mata BSI, akwatin da ke riƙe da makulli da fitilu da gilasai. Ina tsakiyar saita shi da PP2000 kwafi, batirin laftop ɗina dama ya mutu, da wutar gari nake aiki. Aka ɗauke wuta. Motar ko ƙofa ta daina kullewa. Mai ita ɗan kasuwa ne, gobe zai ƙetara Injamena da kaya. Daga aljihuna na biya wani BSI, kuma laifina ne ba na kowa ba.

Tun ranar ba na rubutu sai da batir mai rai a laftop, caja a jikin batirin mota don kar ya sauka ƙasa da bolt 12, kuma da sassafe. Zafin Kusuri a watan Afrilu yana haura digiri 40, tsohuwar laftop a kan bonet da azahar kashe kanta take yi ba sallama.

Ƙaramin Makaniki, Garwa
Na gode ƙwarai iyayena. Kaina ya ɗau caji. Yanzu dai na gane ba zan iya haɗa wannan kayan cikin kwana biyu ba. Akwai mai C3 a Garwa da zai taimaka mini da aro ko haya?

Mai Kwamfuta, Ngawundare
Jibi ina da hanya zuwa Garwa, zan bi motar safe. In mun sauka hawan Mbe lafiya zan kira ka. Ka caja batirin motar ya cika, ka nemo mana inuwa.

Baba Mai Fijo, Marwa
Allah ya kiyaye hanya. Ɗana, ka ajiye reza kusa.

Hajiya Mai Taksi, Ngawundare
Baba Mai Fijo, 22 ce! Da idona na ƙirga, sau uku. An canza sansar, fitila ta mutu, hayaƙin ya tafi. Direban yana ta mamaki wai guntuwar waya. Kuɗin gwajin nan kuma na aika a karɓo mini.

Ƙaramin Makaniki, Garwa
Assalamu alaikum, ga rahoto. Yaya Mai Kwamfuta ya iso jiya wajen ƙarfe goma sha ɗaya da Dell ɗinsa da akwatin. Karon farko ta ƙi haɗuwa, ashe rami na 4 ya yi tsatsa, muka goge. Karo na biyu allon HHT ya fito, rubutu baƙi a fari, ba ado ko kaɗan. Lambobi suka zubo: sansar iska, sansar zafin ruwa, injekta na biyu, har da wasu. Ni har na fara lissafin kuɗin kaya a raina. Yaya ya ce a'a, sansa uku ba sa haɗa baki su mutu rana ɗaya. Ya goge duka, muka tayar, ya buɗe shafin da ke nuna ƙididdiga injin na aiki. Zafin ruwa na hawa a hankali yadda ya kamata. Da ya kai wajen 80 ya ce in kama damin wayoyin da ke bin kan injin in girgiza. Ina taɓawa lambar ta yi tsalle, injin ya cije. Na saki ta dawo. Na sake, ta sake.

Sai na tuna rezar Baba. Na tsaga naɗin. Wallahi robar wayoyin marmashewa take kamar busasshen ƙuli-ƙuli, tagulla tsirara suna gugar juna. Daga waje kuwa kamar sabo.

Baba Mai Fijo, Marwa
Me na tambaye ka ranar farko?

Ƙaramin Makaniki, Garwa
Na tuba Baba.

Baba Mai Fijo, Marwa
Ba laifinka ba ne, ba ka taɓa gani ba. Marsandin farkon shekarun 1990 zuwa wajen 1996 duk haka suke, W124 da W202 da W140. Robar da aka yi wa wayoyin injin a lokacin ba ta jure zafi, a Jamus ma ta ruɓe balle a Garwa. Na tsaga irinsu sun fi a ƙirga ba tare da wani allo ba.

Mai Kwamfuta, Ngawundare
Baba ka ci wannan, ban musa ba. Amma ka ba allon nasa kason. Shi ya nuna mana reshen da za a tsaga, kuma shi ya hana yaron sayen sansar iska da injekta da ba abin da ya same su. Bayan gyara ma da shi za mu tabbatar gugar wayoyin ba ta ƙona wani abu a cikin kalkilatar ba, don hakan na faruwa.

Baba Mai Fijo, Marwa
Na ba shi kashi ɗaya cikin uku.

Kawu na Injamena
Ni da na ce ku sayi 1HZ ba wanda ya ba ni ko kashi ɗaya.

Ɗan Kusuri, mai gyaran waya
Ƙanena kar ka yarda a ce a naɗe da salatif a mayar, wata biyu za ta dawo. Ko dai a sake saƙa feson, wato damin wayoyin, gaba ɗaya da waya mai jure zafi, ɗaya bayan ɗaya, kana cire tsohuwa kana sa sabuwa don kar launi ya rikice maka, ko a nemo na kwance. In na kwance ne ka duba 'yar takardar da ke manne a jikinsa, akwai shekarar ƙira. Wanda aka yi daga 1998 zuwa sama shi za ka ɗauka, in ba haka ba cutar ka sake sayowa. Sannan ka buɗe wayar da ke shiga maƙogwaron totur ka duba, ita ma irin robar ce. Ka cire kan batir kafin ka fara, kuma kar a sake tayar da motar sai an gama.

Ƙaramin Makaniki, Garwa
To Yaya. Maigida ya ce mu saƙa da kanmu, gobe zan shiga babbar kasuwa neman waya. Dattijon ya zo da la'asar, na nuna masa marmashin a tafin hannuna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe ba mai ba ne." Yau dai ya yi magana.

Baƙo daga Mubi
Tun da masana na kusa, akwai Nissan Primera ƙirar 1997 a wurina, soket ɗinta toka-toka mai rami 14 kusa da akwatin fiyus. Wace manhaja ke jin yarenta, kuma kebul ɗin KKL na Golf zai yi?

Mai Kwamfuta, Ngawundare
Ba zai yi ba, wannan Consult ce, kebul ɗinta daban, akwai layin agogo a ciki da KKL ba shi da shi. Ka buɗe mata sabon zance ka sa hoton soket ɗin, in na isa gida da dare zan duba.